Amsa: Babur ɗina ba ya ja a cikin rairayi

Malam, ka ce babur ɗinka na daji da kwalta yana kasawa a rairayin ƙauyukan Madarunfa, har kana tunanin fasa salansa. Don Allah kada ka taɓa ta, ƙara kawai za ka samu, injin kuma ya riƙa zafi.

Fara buɗe matatar iska. Ƙurar hunturun Maradi takan toshe soson har ya koma ja. Wanke shi da kananzir, ya bushe, ka shafa masa baƙin mai kaɗan ka matse.

In bai isa ba, sa faranti na sarƙar baya mai ƙarin haƙora 2 ko 3. Zai ja sosai, amma gudunsa a kwaltar Dan Isa zai ragu, wataƙila ma sai an ƙara tsawon sarƙa. Rage iskar taya kaɗan kafin ka shiga rairayi.