Ga ɗan'uwan da ya bar aragi amma ya ce ba ya jin komai

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce wata biyar rabonka da aragi, giyar nan da ake dafawa a gida, amma in maiɗakinka ta tambaye ka me ke damunka sai ka rasa amsa, ba murna ba baƙin ciki, sai nauyin ƙirji, har kana ganin lokacin da kake sha ka fi jin daɗin duniya. Da na karanta sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida, don labarina ka bayar.

Shekara 11 na yi ina sha a Gadarif, a Sudan. Inna ta rasu lokacin yankan riɗi, daga gona aka kira ni. Ni na shiga kabari na karɓe ta, idona ƙamas. Cikina ne kawai ke zafi kamar na haɗiyi barkono, har nake cewa ko ful ɗin safe ne ya ɓata mini ciki. Da dare na sulale daga zaman makoki na tafi gidan mai dafawa. Washegari Yaya ya ji wari a bakina, uwa ɗaya uba ɗaya fa, a gaban baƙin da suka taso tun daga Mai Wurno ya ce jaki ya fi ni zuciya, bulala 40 ta yi mini kaɗan. Ya sa yara suka janye tabarmar da nake kai. Shi da bai taɓa kai ta asibiti ba! Ni nake saka ta a raksha, ni nake bin layin magani, shi sai aiken gaisuwa. Har yau in na yi masa sallama sai ya duba agogo. Ban ce Allah ya isa ba, amma ban manta ba.

Sai bayan na daina, kafin yaƙi, wani likitan ƙwaƙwalwa a Madani ya ba ni takarda mai tambaya 20, yawanci a kan ko ina iya bambanta fushi da tsoro da baƙin ciki. Ya ce abin yana da suna, aleksitaimiya, wani likita a Amurka ya raɗa masa a 1973, wato rashin kalmar da za ka kira abin da ke ranka. Kusan mutum 1 cikin 10 na da shi, a cikin waɗanda giya ta kama kuwa ya kai wajen rabi. Ashe zafin cikin nan baƙin ciki ne, jikina ya sani, ni ban sani ba, sai in zuba masa aragi ya yi shiru. Shi ya sa kake ganin da can ya fi daɗi.

Ka daina ce wa matarka "ba komai". Ka ce "akwai, ban gane shi ba tukuna". Tawa ta kusa tafiya gidansu saboda "ba komai" ɗin nan. Ni littafin makarantar ɗana na ɗauka, in ƙirji ya yi nauyi in rubuta abin da ya faru kafin nan, wa na gani, me aka ce mini. Sai na lura rabin shafukan sunan Yaya ne. Ka rage jabana, wato kofi, da yamma, barci na daɗewa bai daidaita ba. Ku kuma masu karantawa a ɓoye da har yanzu kuke sha kullum, kada ku yanke dare ɗaya ku kaɗai a ɗaki. Rawar jiki da farfaɗiya da gane-gane kan zo cikin kwana 2 zuwa 3 na farko bayan an yanke, suna kisa, ku nemi likita. Na dafawa ma ba tabbas, akwai mai makantarwa.

Hawaye kuwa sai da Inna ta shekara 3. Ina neman igiya a ɗakin ajiya na ci karo da faifanta, gefen da take riƙewa ya yi baƙi. A nan na zauna har aka kira magariba. In kana so ka turo mini saƙo, ba na barci da wuri.