Mai Gida Ya Ɓoye Cewa Titi Zai Ci Gidan da Ya Sayar

Malam, ka ce bayan ka biya kuɗin gida a Kano sai ka ga ma'aikata sun shafa jan fenti a katangarka saboda faɗaɗa titi, kana tambaya ko wajibi ne mai gidan ya sanar da kai tun kafin ciniki.

Amsar ta dogara ne a kan abin da ya sani a ranar da kuka ƙulla ciniki. A dokar Najeriya, mai saye ne ke da nauyin bincike, saboda haka ba a kama mai sayarwa da laifi don bai faɗi jita-jitar unguwa ba. Amma idan gwamnati ta riga ta miƙa masa takardar sanarwar karɓe filin, ko kuwa ka tambaye shi ya musanta alhali ya sani, to wannan ɓoye aibi ne da ya taɓa ainihin mallakar gidan, kuma kana iya neman kotu ta warware cinikin a mayar maka da kuɗinka. Fiƙihun Malikiyya ma ya ba mai saye zaɓin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Sashe na 28 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ba gwamna ikon soke mallaka domin amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyyar gini, ba ta ƙasar ba, wadda a ganina da wuya ta kai abin da ka biya. Ka je KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta Jihar Kano, tare da lauya ka gano ranar da sanarwar ta fita, sannan ka tabbatar tsohon mai gidan bai karɓi diyyar ba.