Ku Tambaya Mu Amsa: ɗan damben Filifin mai shiga fage da mesa a wuya

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Garin Malam, shekarata 19, nauyina bai wuce kilo 50 ba. Ina sha'awar damben zamani, amma duk ranar da na ɗauko maganar a fadarmu ta shayi sai a bushe da dariya, wai iskar hunturu ma ta isa ta kayar da ni. Kwanan baya na ga wani bidiyo a salula, wani ɗan siriri daga Filifin ya shigo fage da maciji a wuya, ana cewa zakaran duniya ne. Wane ne shi? Kuma da gaske mai jiki irin nawa zai iya cin kambu?

AMSA: Ɗana, wanda ka gani Donnie Nietes ne, kuma ranar da ya fara cin kambun duniya ka fi shi nauyi. An haife shi a 1982 a garin Murcia da ke tsibirin Negros, yankin noman rake. Da ya tasa ya tafi birnin Sebu, ya samu aiki a gidan horar da 'yan dambe na ALA. Aikin nasa shara ne da goge-goge. Mai gidan yana kiwon mesa, sauran ma'aikata kowa na ɗari-ɗari da su, sai kula da su ya faɗo a kan yaron. Daga nan laƙabin Ahas, wato maciji, ya bi shi, kuma shi ya sa daga baya yake shigowa fage da mesa a kafaɗa. Idan ya gama shara sai ya sa safar dambe ya bi sahun masu horo. A 2003 ya fara damben kuɗi.

Kafin in ci gaba sai ka gane tsarin. A damben zamani ba a haɗa mutum da wanda ya fi shi jiki. Akwai aji-aji har 17, kowane da iyakar nauyinsa, kuma ana ɗora kowa a sikeli kwana ɗaya kafin faɗa. Ajin da ya fi ƙanƙanta iyakarsa kilo 47.6, na gaba kilo 49, sai kilo 50.8, sai kilo 52.2, sai kilo 53.5. Ka ga ke nan zakarun aji biyu na farko ko buhun siminti ɗaya ba su kai ba. Manyan hukumomin da ke ba da kambu huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, faɗan kambu kuma turmi 12 ne, kowane turmi minti uku. In ba a yi kisa ba, wato ba a kwantar da ɗaya ya kasa ci gaba ba, alƙalai uku da ke zaune a gefen fage su ke yanke hukunci da maki.

Nietes ya hau huɗu daga cikin matakan nan ɗaya bayan ɗaya. A Satumban 2007 ya doke Pornsawan Porpramook ɗan Tailan a Sebu, ya ɗauki kambun WBO na kilo 47.6. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin girmansa: sau uku yana ɗaukar kambun nan ya kai shi Meziko tsakanin 2009 da 2010, ya kara da 'yan ƙasar a gaban jama'arsu, sau uku yana dawowa da abinsa. Duk wanda ya taɓa raka ɗan kokawa zuwa wani gari ya san abin da ake nufi da faɗa a gidan mutane. Ganga tasu ce, ihu nasu ne, alƙali ma ɗan Adam ne mai kunne.

A Oktoban 2011 ya haura kilo 49, ya karɓe kambun WBO daga hannun Ramón García Hirales a birnin Bakolod, kusa da garinsu. A wannan aji ne ya gamu da Moisés Fuentes ɗan Meziko. Karon farko a 2013 aka tashi kunnen doki, mutane da yawa suka ce tsufa ya fara kama shi. Da aka sake haɗuwa a 2014 ya kwantar da Fuentes a turmi na tara. A Afrilun 2017 ya ci kambun IBF na kilo 50.8, sannan a daren 31 ga Disamba 2018, yana da shekara 36, ya doke Kazuto Ioka ɗan Japan a Makawo da rinjayen alƙalai biyu cikin uku, ya ɗauki kambun WBO na kilo 52.2. Kafin shi, 'yan Filifin biyu ne kawai suka ci kambu a aji huɗu ko fiye, Manny Pacquiao da Nonito Donaire.

Daga 2004, lokacin da aka ba Angky Angkota nasara a kansa a Jakarta, ba a sake cin Nietes ba sai a Yulin 2022, da Ioka ya rama a Tokiyo. Shekara kusan 18 ke nan. Kuma in ka zauna ka kalli faɗansa daga farko zuwa ƙarshe, maimakon guntayen da ake yawo da su a salula, za ka ga mesar nan talla ce kawai. Mutum ne mai haƙuri, hannuwansa kullum a sama, ba ya zubar da naushi a banza. Yakan bar abokin karawa ya fara kawo hannu, ya ɗan kauce, ya mayar masa da dama a daidai inda ya buɗe. Yaran da ke son ganin jini za su ce damben nasa ba daɗi. Ni kuwa shi zan nuna wa duk mai koyo.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce e, jikinka ba zai hana ka ba. Lambar yabo ta farko da Nijar ta taɓa samu a gasar Olamfik ta dambe ce, tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a Munik a 1972, a ajin kilo 63.5, shi ma ba ƙato ba ne. Sai dai kada ka koyi dambe daga bidiyo, kuma kada ku sa safa kai da abokai ku dinga jibgar juna bayan sallar isha'i. Ka je ofishin kula da matasa da wasanni na jiha ka tambayi inda ake horo a ƙarƙashin mai koyarwa, ka fara da damben 'yan koyo. Babur ɗinka kuma ka riƙe shi da kyau. Nietes ma bai ajiye tsintsiya a ranar farko ba.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne a kasuwar Dole, na kuma daɗe ina bin dambe a rediyo da tele. Pacquiao kowa ya san shi, har yaran da ban taɓa zaton sun san inda Filifin take ba. In har akwai wasu gwanaye a ƙasar, me ya sa ba ma jin su?

AMSA: Maigida, kuɗi ne ya raba su. Pacquiao ma daga ƙasa ya faro. Yana ɗan shekara 16 ya fara damben kuɗi a 1995 a ƙananan ajin nan, kambunsa na farko kuma na kilo 50.8 ne, wanda ya ƙwace daga Chatchai Sasakul a Tailan a Disamban 1998. Amma jikinsa ya ci gaba da buɗewa, ya yi ta haurawa har kilo 66.7 da ɗoriya, inda manyan sunayen Amurka suke. Can ya doke Oscar De La Hoya a 2008, can ya kara da Floyd Mayweather a 2015. Masu sayen tikiti da masu biyan kuɗin kallo a tele a Amurka sun fi son matsakaita da ƙattai, su ne kuma ke cika jakar ɗan dambe. Donaire shi ma a Kalifoniya ya girma, a idon Amurkawa ya yi kisan da ya fito da shi, na Vic Darchinyan a 2007 da na Fernando Montiel a 2011.

Nietes kuwa yawancin faɗansa a gida ya yi su, ƙarƙashin gidan horo guda. 'Yan ƙasarsa sun san darajarsa, musamman da ya zarce tarihin Flash Elorde, wanda ya riƙe kambun duniya shekara bakwai da wata uku daga 1960 zuwa 1967. A nan zan ɗan rage masa: Elorde a aji ɗaya ya yi nasa, a zamanin da kambu bai yi yawa kamar yau ba, Nietes kuma sai an haɗa masa aji biyu. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi shekaru yana kwana da kambu a ɗaki.

Akwai kuma laifin zamani da nasa. A shekarunsa ajin kilo 50.8 da 52.2 sun cika da gwanaye irin su Román González ɗan Nikaragwa da Juan Francisco Estrada ɗan Meziko da Srisaket Sor Rungvisai ɗan Tailan. Bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya cikinsu ba. Ya samu ya nuna kansa a Amurka a Fabrairun 2018, ya kwantar da Juan Carlos Reveco a turmi na bakwai, mutane suka fara tambayar ina wannan ya ɓuya tuntuni. To bayan ya ci Ioka sai ya ajiye kambun a farkon 2019 ba tare da ya kare shi ko sau ɗaya ba, don ba ya son sake karawa da ɗan ƙasarsa Aston Palicte, wanda suka yi kunnen doki da shi a 2018. Babban faɗa mai kuɗi yake hange. A ganina nan ya yi wa kansa. Wanda ya haura 36 kambun da ke hannunsa shi ne jarinsa, in ya sake shi ba wanda zai neme shi. Babban faɗan bai zo ba, annobar korona ta shigo, gidan ALA ya rufe a 2020, shi kuma bai sake hawa fage ba sai a 2021 a Dubai. Lokacin da ya je Tokiyo neman kambun da ya ajiye da hannunsa, shekararsa 40.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, gidanmu kuma gidan son kokawa ne, ba ma fashin filin Langa Langa. A gasar takobi ba a auna kowa, ƙarami yana kayar da babba mu yi ta guɗa. Me ya sa su 'yan dambe sai an raba su a kan kilo ɗaya da rabi?

AMSA: 'Yata, a kokawa wanda aka kayar yakan tashi ya karkaɗe ƙasa ya tafi gida. A dambe kai ake duka, minti 36 in an kai ƙarshe. Ga mai kilo 48, ƙarin kilo ɗaya da rabi na tsoka a jikin abokin karawa yana fitowa a nauyin kowane naushi, kuma ke da ke karatun jinya kin fi ni sanin abin da girgizar ƙwaƙwalwa ke haifarwa. Faɗan nan ɗaya da aka ci Nietes a 2004, abokin karawarsa ya zo da nauyin da ya wuce ƙa'ida.

Amma tsarin ya haifi tasa cutar. Tunda ana awo kwana ɗaya kafin faɗa, da yawa sukan matse jikinsu su shiga ajin da ba nasu ba. Su daina shan ruwa, su sa rigar leda su yi ta gudu, su yi ta tofar da yawu, da an sauka daga sikeli kuma su hau ci da sha don su fi abokin karawa jiki gobe. Jikin da ya bushe ba ya ɗaukar duka. In kin ga wani ƙaninki yana irin wannan a zafin Afrilu na Damagaram, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ki ƙwace ledar ki kai ƙararsa wajen mai koyar da shi, don ƙoda ba ta yafe irin wannan.

Pacquiao kansa ya ɗanɗana. A Satumban 1999 ya je Tailan kare kambunsa na kilo 50.8, jikinsa ya riga ya wuce ajin. Ya matse iya matsewa, sikeli ya ƙi, aka karɓe kambun tun kafin a buga ƙararrawa. Washegari ya shiga fage a galabaice, Medgoen Singsurat ya sauke masa naushi a ciki ya kwantar da shi a turmi na uku. Bayan wannan ne ya tsallake aji biyu gaba ɗaya ya koma kilo 55.3, inda a Yunin 2001 ya ƙwace kambun IBF daga hannun Lehlo Ledwaba ɗan Afirka ta Kudu.