Amsa: Wai gaishe da manya ya zama ragwanta?

Malam, ka tambaya me ya sa samarin yanzu ke ganin gaishe da babba kamar ragwanta ne, ni dai a ganina ma'aunin namiji ne ya canza. Da a nan Katsina namiji shi ne mai noman gandu tun asuba, in an yi rasuwa a unguwa shi ne da diga a maƙabarta, kuma duk ƙarfinshi in zai wuce zauren dattawa sai ya sauka daga keke ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Yanzu kuwa yaro ya sheƙo da mashin ta Ƙofar Ƙaura ya watsa ma tsoho ƙura ko sannu babu, abokai na mashi kirari wai ba ya ɗaukar raini. Ƙauraye ma, wato 'yan daban Katsina, ai haka suka yi ƙarfi, don yaro marar kunya shi ɗan siyasa ke nema ya ba kuɗi.

Amma fa ban yarda da masu ɗora ma TikTok komai ba. Gandu ya watse, zaure ya koma shago, uba ya fita tun safe sai dare, kuma yau ka tsawata ma ɗan maƙwabci wallahi uwarshi sai ta biyo ka har gida.