Shin littafi da hirar dare suna da sauran amfani a gidan da kowa ke da waya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, biyu suna sakandare. Da na ce zan saya musu littattafai, sai babbansu ya ce asarar kuɗi ce, tunda duk abin da ke cikin littafi yana cikin waya. Ga shi kuma da an idar da sallar isha'i kowa yakan shige ɗaki da wayarsa, hira ta mutu a gidan. Gaskiya yaron ya faɗa, ko akwai abin da suke rasawa? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki bai yi ƙarya ba game da abin da ke cikin waya, domin littattafan da a da sai an je Kano ko Zariya ake samunsu, yau ɗalibin da ke ƙauye yana iya sauke su cikin minti biyu, kuma da tsadar takarda a yanzu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Inda ya yi kuskure shi ne zaton da yake yi cewa samun rubutu daidai yake da fahimtarsa.

A shekarar 2018 wasu masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Valencia ta ƙasar Sifaniya, sun tattara sakamakon nazari 54 da suka shafi mutane fiye da 170,000, suka gano cewa masu karatu a takarda sun fi masu karatu a fuskar na'ura fahimtar abin da suka karanta. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma ya fi fitowa a rubutun bayani, irin na kimiyya da tarihi, kuma ya fi ƙarfi idan an ƙayyade wa mai karatu lokaci. A labaran ƙirƙira kuwa ba su ga wani bambanci ba. Saboda haka idan 'yarki tana karanta labaran Hausa da ake turawa ta WhatsApp, abin dubawa shi ne irin labaran, amma littafin Bayoloji ko na Tarihi da za a yi jarrabawa a kansa ya cancanci kuɗin da za ki kashe.

Ga abin da ake zaton shi ne dalilin. Hannun da ya saba jan fuskar waya sama yakan koya wa ido tsallake layi, ga kuma saƙonni da ke faɗowa a tsakiyar jimla. Littafi kuwa yana da wuri: yaro yakan tuna cewa bayanin nan yana ƙasan shafin hagu, kusa da zanen da ya ja wa layi da biro, kuma wannan tunawa takan taimaka masa ranar jarrabawa. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen raba wa yara na'urori a aji, a 2023 ta koma ware kuɗi domin sayen littattafan takarda. Sai dai kada a raba yaran da kwamfuta ɗungurungum, domin tun 2015 da ita ake rubuta jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a a Najeriya.

Kashi na biyu na tambayarki ya fi damuna, kuma a ganina shi ne tushen na farko. A al'adar karatunmu littafi da magana ba su taɓa rabuwa ba. Na yi karatun zaure ina yaro, kuma har yau ina ganin malaminmu zaune a kan buzu, ɗalibi yana jan baƙi, shi kuma yana fassarawa, can sai ya ɗaga hannu ya tsayar da shi ya ce, "To, me ka fahimta?" Sau da yawa a lokacin ne ɗalibin yake gane cewa bakinsa ne kawai ya wuce ta kan layin. Haka kuma kakar da ke buɗe tatsuniya da "Ga ta nan, ga ta nanku" tana koyar da sauraro da jiran lokacin magana, tana kuma zuba wa jikokinta karin magana da kalmomin da ba za su tsinta a wani wuri ba.

Hirar ido da ido tana tilasta wa yaro abin da saƙon waya ke ɗauke masa. A waya yana iya goge abin da ya rubuta, ko ya ƙi amsawa, ko ya tura ɗan hoton dariya ya wuce. A gaban mahaifinsa kuwa dole ya haɗa jimla nan take, ya lura da sauyin fuska, ya san lokacin da maganarsa ta yi nauyi, ya kuma koyi yadda ake saɓa wa babba cikin ladabi. Kunya da kara da iya gaisuwa duk a irin wannan zama ake ɗaukarsu.

Ba na ba ki shawarar ƙwace wayoyin, domin yaron sakandare da aka ƙwace wa waya yakan ari ta abokinsa, ki rasa sanin abin da yake kallo. Ki ware rabin sa'a bayan isha'i, a tara wayoyi a faranti ɗaya, kuma taki da ta Maigida su fara shiga, don yara sun fi bin abin da suka gani. Ɗaya ya karanta shafi biyu da ƙarfi, sannan ki tambayi sauran abin da suka fahimta da abin da ba su yarda da shi ba. Daren farko za su yi ta hamma suna satar kallon farantin, kada hakan ya karya miki gwiwa. Shi kuma babban, ki ba shi kuɗin ya je kasuwa ya zaɓo littafin farko da kansa.