Kafin Ka Shimfiɗa Jan Ƙarfe a Cikin Jitar Bes

Ka tambaye ni dalilin da ya sa jitar bes ɗin da aka kawo mana gyara take ƙara da zarar an jona ta da amfilifaya, ƙarar ta ragu idan ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyi, ta dawo idan ka ɗage, kana kuma son sanin ko shimfiɗa jan ƙarfe a cikinta zai kashe ta. Zai kashe wata ƙarar, wata kuwa ko gezau ba za ta yi ba, saboda haka, ɗana, kada ka kwance komai sai ka tantance wadda kake ji.

Ta farko ƙugi ne mai kauri, wanda yake fitowa daga ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da taransifoma da injin fanka, har da ita kanta amfilifayar. Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a sakan ɗaya, ta Amurka sau 60, kuma maɗaukin sautin jita, tunda siririyar waya ce da aka naɗa dubban zagaye a kan maganaɗisu, yana kwasar wannan kai da komon tare da rawar tsirkiya. Rataya jitar, ka juya a hankali a inda kake tsaye. Idan ƙugin ya ragu a wata fuska ya ƙaru a wata, to shi ne. Jan ƙarfe ba ya tare shi, komai kaurin da ka shimfiɗa. Abin da ke maganinsa koyil biyu ne, wato naɗin waya biyu a maɗauki, da aka naɗa saɓanin juna, domin abin da ɗaya ya ɗauko ɗayan ya soke shi. Shi ya sa Precision Bass ta kamfanin Fender, wadda aka raba maɗaukinta gida biyu tun 1957, ba ta cika wannan ƙugi ba, ita kuwa Jazz Bass da ta fito a 1960 sai an buɗe maɗaukanta biyu daidai wa daida take yin shiru. Idan mai jita ya saba rage ɗaya ya bar ɗaya, ka gaya masa gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗinsa.

Ta biyun ƙara ce mai kaifi kamar ta ƙudan zuma, wadda dogayen fitilu da cajar waya mai arha da na'urar rage hasken fitila suke watsawa, kuma ita ce wadda ka kwatanta mini. Jikin makaɗi yana tara ta ya kai ta kusa da wayoyin jita, amma da ya taɓa tsirkiya sai ta sami hanyar sauka ƙasa ta wayar da ke ƙarƙashin gadar ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa. Ke nan raguwar da ka ji alama ce cewa wannan wayar lafiyarta ƙalau. Da ƙarar ƙaruwa take yi idan ka taɓa, da na ce ka duba jak, wato ramin da ake jona igiyar jita, domin mai yiwuwa wani ya juya wayoyinsa biyu.

A nan ne jan ƙarfe yake da amfani, bisa abin da Michael Faraday ya nuna a 1836, cewa wurin da aka kewaye da ƙarfe ruf, tasirin lantarkin waje ba ya ratsa shi. Cire maɓallan ƙara da wayoyinsu, ka share ramin katakon tas, sannan ka shimfiɗa faifan jan ƙarfe mai gam a ƙasa da bango, kowane yanki yana hawa kan ɗan'uwansa. Ka nemi wanda gam ɗinsa yake wuce wuta. Idan ba a samu ba, ɗiga dalma a kowace mahaɗa. Bar ɗan leɓe ya hau bakin ramin domin ya taɓa jan ƙarfen da za ka manna a bayan murfin. Akwai fenti mai wuce wuta da ake shafawa a madadinsa, yana da sauƙi a ramin da ke da lungu, sai dai yana son shafi biyu ko uku, ni kuwa na fi amincewa da faifan saboda ana iya yi masa dalma.

Inda yawancin masu koyo suke yin asarar wahalarsu shi ne su shimfiɗa komai da kyau su manta su haɗa shi da ƙasa, wato wayar da ƙarar take bi ta sauka. Jan ƙarfen da ba a haɗa ba ba ya kare komai, wani lokaci ma ƙara ta yake yi. Ja gajeriyar waya daga jikinsa zuwa bayan maɓallin ƙara, inda wayar gada da ta jak suka haɗu. Daga nan ɗauki mitar auna lantarki mai kuka idan wuta na wucewa, ka sa ƙafarta ɗaya a gindin jak, ɗayar ka bi da ita kan gada da tsirkiyoyi da bayan kowane maɓalli da kowace kusurwa ta ramin. Duk inda mitar ba ta yi kuka ba, akwai yankewa. Idan kuma ka mayar da komai jitar ta yi tsit, har kiɗan ya ɓace, ƙafar wani maɓalli ce ta taɓa jan ƙarfen, sai ka sa salatif a ƙarƙashinta.

Duk wannan aikin ya dogara ne ga soket ɗin da aka jona amfilifaya, domin ta can ne ƙarar take sauka. Ɗakunan taro da yawa a wurinmu ba su da wayar ƙasa ta gaskiya, janareta ma sau da yawa haka ake tayar da shi ba a kafa masa sandar ƙasa ba, shi ya sa jitar da ta yi shiru a shago take iya komawa gidan jiya a wurin biki. Canza igiyar jita ka gwada wata tukuna, sannan ka auna soket ɗin. Idan ƙugin yana tasowa ne kawai lokacin da aka haɗa amfilifaya da miksa, akwatin DI, wato ɗan akwatin da ake sawa a tsakaninsu, mai maɓallin raba ƙasa, shi ne maganinsa. Za ka haɗu da masu karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya don ƙugi ya tafi. Kada hannunka ya yi wannan, ko mai kayan ne ya roƙe ka. Tsirkiyoyin haɗe suke da jikin amfilifayar, ranar da wuta ta zuba a jikinta kuwa, ta hannun makaɗi za ta bi. Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotlan, wuta ce ta kashe shi a kan dandamali a garin Swansea a 1972, lokacin da ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa ba.