Amsa ga mai neman hedifon mai duma a kuɗi kaɗan

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana neman hedifon mai duma mai zurfi, wanda zai shiga jaka ko aljihu, kuma ba mai tsada ba. Na daɗe ina sayen irin waɗannan kayan ina gwadawa, ga abin da na gani.

Kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Kusan kowane kwali za ka ga an buga 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri), alhali wannan iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji ne kawai, bai gaya maka ƙarfin dumar ba. Duma tana daga 20 zuwa wajen 250 Hz, ita kuwa mai zurfin da kake nema, wadda kake jin rugugin ta, tana ƙasa da 60. Yawancin masu arha ba sa kaiwa can. Sai a kumbura musu sautin da ke tsakanin 100 da 200, ka ji dum-dum a minti na farko ka yi murna, daga baya ka lura muryar mawaƙi ta dushe, kai kuma ya fara ciwo.

Abin da ya fi kawo duma shi ne yadda hedifon ya toshe kunne. Sautin ƙasa iska yake turawa, in iskar ta sami kafar fita, dumar ta bi ta, kamar ruwa a ɓulallen tulu. Shi ya sa ƙaramin iyafis na cusawa a kunne, mai sifika ta milimita 10, yakan fi wani babban hedifon mai milimita 40 duma idan babban bai zauna daidai ba. Iyafis yana zuwa da robobi kala uku, ƙanana da matsakaita da manya, amma mutane da yawa ba sa taɓa canza wanda suka tarar a jiki. Don Allah ka gwada duka. Wani ma kunnensa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. Ka kunna kiɗa ka ɗan danna iyafis ɗin da yatsa. In ka ji duma ta ƙaru, to robar ta yi maka kaɗan. Akwai kuma na soso da ake sayarwa daban, suna kumbura su cika ramin kunne, sun fi roba toshewa, sai dai suna saurin lalacewa.

In na ɗorawa a kai kake so, ka zaɓi mai rufaffen baya da katifa mai laushi da ke zagaye kunne gaba ɗaya. Mai sa tabarau ya sani ƙafar tabarau na buɗe kafa, haka ma hula ko ɗankwali in suka shiga ƙarƙashin katifar. In katifar ta fara tsagewa duma na raguwa, a canza ta kawai, ba sai an sayi sabo ba.

Game da suna, Koss Porta Pro tun 1984 ake yin sa, yana naɗewa, sautinsa na da daɗi ƙwarai, amma bayansa a buɗe yake, na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kuma a cikin mota mai ƙara dumarsa ɓacewa take. Sony na da jerin da ake kira Extra Bass, JBL na da Tune. Soundcore Life Q30 kuma yana rage hayaniyar waje, yana da manhajar da za ka daidaita sautin da kanka, abin da nake ganin yana da amfani sosai.

Ni dai in kuɗin kaɗan ne, mai waya zan saya. A na Bluetooth, kuɗinka ya rabu tsakanin batir da makirufo da sauran kayan ciki, kuma batirin zai mutu wata rana. In mai waya za ka saya, ka duba ya kasance 16 zuwa 32 ohm (ma'aunin yadda yake turjiya ga wutar da ke shigarsa) don wayarka ta iya ɗaukar sa. Jabu ya yi yawa, musamman na manyan sunaye, don haka ka gwada kafin ka biya, da waƙar da ka sani sosai, sannan da murya zalla kamar karatu ko labarai.

Ka kula da kunnenka, wannan na faɗa da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma in aka ƙara ƙarfi lokacin raguwa yake sosai. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Hedifon da ya toshe kunne da kyau ba sai ka ƙure masa murya ba. In ka cire ka ji kunne na yi maka ƙuwwa, ka wuce iyaka.

Ka gaya mana wace waya kake riƙe da ita, domin in ba ta da ramin sa iyafis, sai ka haɗa da 'yar mahaɗar USB-C a lissafinka.